Maganin Cututtukan Bututun Abinci da Tumbi ta Endoskofi: Wace Hanya Ta Dace da Wace Cuta?

Yawancin mutane sun san endoskofi a matsayin gwaji: a zura tiyo mai kyamara ta baki, a leƙa ciki, a ba ka takardar sakamako. To amma tiyon nan ya daɗe da wuce leƙe. Da shi ake tsayar da jini, a buɗe hanyar da ta tsuke, a yanke tsoka, a ɗaye ciwon daji tun yana sama-sama, duk ba tare da an tsaga ciki ba. Kusan kowace cuta kuma tana da hanya biyu ko uku, shi ya sa majinyaci da danginsa kan rikice idan likita ya shimfiɗa musu zaɓi.

Shi kansa tiyon yaya yake, kuma ta ina ake aikin?

Kaurinsa milimita 9 zuwa 10 ne, tsawonsa kimanin mita ɗaya, yana lanƙwasa duk inda likita ya juya shi. A bakinsa akwai fitila da kyamara, a cikinsa kuma akwai wata 'yar kafa da ake zura kayan aiki: allura, zargen waya, 'yar wuƙar lantarki, balan-balan, maƙalli. Irinsa na farko mai lanƙwasa sosai Basil Hirschowitz ne ya fito da shi a Jami'ar Michigan ta Amurka a 1957, kuma kafin ya zura wa kowa shi ya fara haɗiye shi.

Leƙe kawai galibi ba ya wuce minti goma, da feshin maganin kashe zafi a maƙogwaro, wani lokaci da allurar da ke sa gyangyaɗi. Manyan ayyuka kuwa sai an sa mutum barci gaba ɗaya. Ana son a bar cin abinci awa 6 zuwa 8 kafin a shiga.

Mahaifinmu ya yi aman jini, an ce jijiyoyin bututun abincinsa ne suka kumbura. Wani ya ce ɗauri, wani ya ce allura. Wanne ya fi?

Ɗauri ya fi, kuma wannan ba abin gardama ba ne tsakanin likitoci.

Idan hanta ta yi tauri, jinin da ke tasowa daga hanji da saifa yakan rasa hanyar ratsa ta, sai ya bi ɓarauniyar hanya ta ƙananan jijiyoyin da ke ƙasan bututun abinci. Su kuwa ba a halicce su don wannan nauyin ba. Sai su kumbura, fatarsu ta sirance, wata rana ɗaya ta fashe.

Allura ita ce tsohuwar hanya. Likitoci biyu 'yan Suwidin, Crafoord da Frenckner, suka fara bayyana ta a 1939. Ana ɗura wani sinadari mai ƙuna a cikin jijiyar ko a gefenta, ta ƙone ta toshe. Tana tsayar da jini kam, sai dai takan bar gyambo mai zurfi, da ciwon ƙirji, da zazzaɓi, wani lokaci ma hanyar ta tsuke daga baya.

Ɗauri a birnin Denba na Amurka ya fito a shekarun 1980, a hannun Stiegmann da abokan aikinsa. Ana kafa wata 'yar hular roba mai haske a bakin tiyon, an jera mata zobban roba irin kyauron ɗaure kuɗi, sai dai ƙanana ne ƙwarai. Likita ya ɗora bakin hular a kan jijiyar ya zuƙo ta, har allon da yake kallo ya koma ja wur, alamar ta cika hular. Sai ya murɗa maɓallin da ke hannunsa, zoben ya sauka ya shaƙe gindinta. Da ya ja baya kaɗan za ka ga ƙulli mai shuɗi-shuɗi a tsaye. Sai ya matsa ga ta gaba. Bayan 'yan kwanaki ƙullin ya mutu ya faɗi, wurin ya warke da tabo.

Tun 1995, da aka tattara gwaje-gwajen da suka gwada hanyoyin biyu, aka ga waɗanda aka yi wa ɗauri ba su cika sake zubar da jini ba, matsalolinsu sun fi ƙaranci, kuma zaman da suke buƙata bai kai na masu allura ba. Allura ta rage ga ƙaramin yaron da hular ba za ta wuce maƙogwaronsa ba, da lokacin da jini ya rufe wuri har ba a ganin abin zuƙowa. Ko kuma asibitin da zobban suka ƙare masa, wanda a wajenmu ba abin mamaki ba ne.

Idan an ɗaure, shi ke nan ya warke?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke tafka asara. Zama ɗaya ba ya gama jijiyoyin. Ana komawa duk bayan sati biyu zuwa huɗu har sai sun ƙare, galibi zama uku ko huɗu, sannan a riƙa leƙawa lokaci-lokaci domin sukan sake tsirowa. Ana kuma haɗawa da ƙwayar propranolol ko carvedilol kullum don rage matsin jinin. Biyun a haɗe sun fi kowanne shi kaɗai. Wanda ya ga aman ya tsaya ya ce sauƙi ya samu, ya koma gida bai sake waiwayar asibiti ba, yakan dawo ne a sume.

Sannan ɗauri bai taɓa tushen cutar ba. A ƙasashenmu tushen nan yawanci ɗayan biyu ne. Akwai ciwon hanta nau'in B, wanda ake danne shi da magunguna irin su tenofovir, kuma rigakafinsa ya shiga jerin allurar jarirai a Najeriya tun 2004. Akwai kuma tsargiyar hanji, wadda ake ɗauka a ruwan noman rani, kamar yadda aka sani a Jazira ta Sudan, inda Hausawa da yawa ke noma. Ƙwayayenta sukan maƙale a jijiyoyin hanta su toshe su, alhali ita hantar tana aikinta. Shi ya sa mai tsargiya ya fi mai ƙanƙancewar hanta jure aman jini, kuma idan aka kula da jijiyoyinsa aka ba shi praziquantel yakan yi shekaru lafiya ƙalau.

Wata kuma an ce nata jijiyoyin a cikin tumbi suke, ba za a ɗaure ba. Me ya sa?

Jijiyoyin da ke saman tumbi manya ne, suna da zurfi. Zoben ba ya iya kamo su gaba ɗaya, kuma ranar da ya faɗi zai bar rami a jikin jijiya mai rai. Abin da ake yi shi ne a ɗura mata wani gam na asibiti mai daskarewa nan take da ya haɗu da jini, hanyar da Soehendra ya yaɗa daga Hambug ta Jamus a 1986. Haɗarinsa shi ne ɗan guntun gam ya bi jini ya tafi huhu, shi ya sa ake ɗura shi kaɗan-kaɗan.

Gyambon ciki fa, idan ya fara zubar da jini?

Ba kowane gyambo ake taɓawa ba. Tun 1974 likitoci ke da ma'aunin Forrest da suke raba su da shi. Wanda aka tarar gindinsa fari fes, ba jini ba gudan jini, magani kawai ya ishe shi. Wanda ke tsartuwa, ko yake naso, ko aka ga kan jijiya a tsaye a tsakiyarsa, shi ne ake yi wa aiki.

Hanyoyin uku ne. Allurar adirenalin a kewayen gyambon tana matse jijiyar ta tsayar da jinin na ɗan lokaci. Maƙallin ƙarfe yana danƙe jijiyar ya zauna a wurin har ya faɗi da kansa. Sai kuma ƙuna da zafin lantarki. Tsakanin maƙalli da ƙuna babu wani bambanci mai yawa, wurin da gyambon yake ne ke yanke hukunci: tsohon gyambo mai taurin gefe ba ya karɓar maƙalli da sauƙi. Abin da aka tabbatar shi ne adirenalin ita kaɗai ba ta isa ba, share fage ce kawai don a ga wuri, dole a bi ta da ɗayan biyun. Akwai kuma wata hoda da ake fesawa idan jinin ya gagara, amma ita ma ta wucin gadi ce.

Bayan an tsayar da jini, sauran aikin na magani ne. A nemi ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostiraliya suka nuna ita ce ke haddasa yawancin olsa, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Idan tana nan, a sha maganin kashe ta na sati biyu. A kuma rabu da su diclofenac da ibuprofen da aspirin da ake saya a kemis ko a tiren 'yan talla don ciwon jiki. Dattijo mai ciwon gwiwa da ke haɗiyar su safe da yamma ba tare da ya ci komai ba, shi ne wanda ɗakin endoskofi ya fi sani. In gyambon a tumbi yake, ana ɗaukar ɗan nama a gwada, a sake leƙawa bayan wata biyu zuwa uku, domin ciwon daji yakan shigo da kamar gyambo.

Ashe ba a daren nan ya kamata a yi wa mai zubar da jinin aikin ba? Me ya sa suka ce sai da safe?

Wani gwaji da aka yi a Hong Kong kan mutum 516, aka wallafa a 2020, ya kwatanta yin aikin cikin awa 6 da yin sa tsakanin awa 6 zuwa 24. Ba a ga gaggawar ta rage mutuwa ba. Abin da ya fi muhimmanci a awannin farko shi ne a tsayar da mutum da ƙafarsa: ƙarin ruwa, ƙarin jini in ya kama, da allurar rage ruwan tsamin ciki. Ga mai ciwon hanta kuwa ana son a shiga cikin awa 12, a kuma fara masa maganin matse jijiya da na kashe ƙwayoyin cuta tun kafin nan. Wanda jininsa ya ƙi tsayawa ba a jira da shi.

Abinci da ruwa suna tsaya mini a ƙirji, an ce akalasiya ce. An lissafa mini hanyoyi huɗu. Yaya suke?

A inda bututun abinci ya haɗu da tumbi akwai zoben tsoka da ke saki idan loma ta iso. A akalasiya, jijiyoyin da ke ba shi umarnin saki sun mutu, sai ya ƙi buɗewa. Abinci ya taru a sama, mutum ya riƙa dawo da shi ba tare da ya narke ba, ya rame, da dare ya farka da tari. A hoton da ake ɗauka bayan an sha farin ruwan bariyom, ƙarshen bututun yakan fito da tsini kamar bakin tsuntsu, haka ma likitoci ke kiran alamar. Jijiyoyin da suka mutu ba sa dawowa, don haka duk hanyoyin huɗun abu ɗaya suke nema: su raunana zoben.

Allurar Botox ita ce mafi sauƙi, an san ta tun 1995. Tana shanye tsokar, amma cikin wata shida zuwa shekara aikinta ya sake. Ta tsoho ce mai rauni wanda ba zai ɗauki komai ba. Matashi bai kamata ya fara da ita ba, don tabon da take bari yakan wahalar da aikin gaba.

Buɗawa da balan-balan ita ce ta biyu. Ana zura shi a tsakiyar zoben a hura da iska har zaren tsokar ya tsage. Ana farawa da mai faɗin milimita 30, sai 35, sai 40 idan da buƙata. Ba a kwana a asibiti, kuɗinsa kuma da sauƙi. Haɗarinsa fashewar bututun. A babban gwajin da aka yi a Turai, aka wallafa a 2011, kashi 4 cikin 100 sun gamu da haka. Amma a wannan gwajin, bayan shekara biyu, kashi 86 na masu balan-balan suna lafiya, na masu tiyata kashi 90. Wato kusan kunnen doki, matuƙar an yarda a maimaita buɗawar in alamun sun dawo.

Ta uku tiyata ce, ba endoskofi ba, amma da ita ake auna sauran. Ernst Heller na Jamus ya fara ta a 1913. Yau ana yin ta ta ƙananan huji a ciki, a yanke zoben daga waje, sannan a naɗo wani ɓangaren tumbi a rufe wurin don kada tsami ya riƙa tasowa.

Ta huɗu ita ce POEM, wadda Haruhiro Inoue ya fara yi wa ɗan Adam a Yokohama ta Japan a 2008. Likita yakan tsaga fatar cikin bututun kamar santimita 10 sama da zoben, ya ɗura ruwa mai shuɗi ya ɗaga ta, sai ya cusa tiyon tsakanin fatar da tsokar, yana haƙa rami a hankali har ya zarce cikin tumbi da santimita biyu ko uku. Daga cikin ramin nan yake yanka tsokar. Ya fito, ya rufe bakin da maƙallai. Babu ko ƙwarzane a waje.

A 2019 aka wallafa gwaje-gwaje biyu. A ɗaya, POEM ta yi nasara ga kashi 92 bayan shekara biyu, balan-balan kashi 54, kodayake a can duk wanda ya buƙaci ƙarin buɗawa an lissafa shi cikin waɗanda aikin bai yi wa ba. A ɗayan, POEM kashi 83, tiyatar Heller kusan kashi 82. Sai dai POEM tana da farashi: ba a yi mata abin tare tsami. A gwaji na biyun, kashi 44 na masu POEM sun sami ƙunar tsami a bututun bayan shekara biyu, masu tiyata kashi 29. Da yawansu ba sa ma jin ƙwannafi, sai an leƙa ake gani.

To in kai ne, wacce za ka zaɓa?

Da farko zan tabbatar akalasiyar ce. Mutumin da ya haura hamsin, abin ya zo masa cikin 'yan watanni yana ramewa da sauri, sai an leƙa an cire zargin ciwon daji a bakin tumbi, don yakan kwaikwayi akalasiya sak. Sannan gwajin matsin bututun yana raba cutar nau'i uku. Nau'i na biyu yana karɓar kowace hanya. Na uku, mai murɗa da ciwon ƙirji, POEM ta fi masa, domin ana iya tsawaita yankan sama yadda ake so.

Bayan wannan, hannun mai aikin ya fi sunan aikin. Likitan da ya yi tiyatar Heller sau ɗari ya fi wanda ya dawo daga kwas ɗin POEM na sati biyu. Wanda kuma zai tafi Indiya ko Masar a yi masa POEM, ya tambayi kansa wa zai riƙa duba shi in ya dawo, kuma zai iya sayen omeprazole shekara da shekaru in hakan ta kama.

Yaro ya sha sodar sabulu, yanzu ko kunu ba ya wucewa. Me ake yi?

Wannan musiba ce da aka sani a Afirka ta Yamma, duk inda ake haɗa sabulu a gida. Sodar da aka jiƙa ba ta da launi, ga shi ana zuba ta a robar ruwa ko ta lemo. Yaro ya dawo daga wasa da ƙishi. Ruwan batir ma haka.

A ranar, kada a sa shi amai, don sodar za ta sake ƙona hanyar da ta bi. Kada a ɗura masa manja ko lemon tsami da sunan karya dafi. A kai shi asibiti, a leƙa cikin kwana ɗaya ko biyu a ga zurfin ƙunar. Tsukewar ba nan take take zuwa ba, daga sati na uku ne tabon ke fara janyewa, lokacin da iyaye suka ɗauka an tsallake.

Buɗawar iri biyu ce. Akwai sandunan roba masu tsini, kowace ta ɗara wata kauri, da ake zurawa a kan waya. Akwai kuma ƙaramin balan-balan da ake bi da shi ta kafar tiyon. Gwaje-gwaje ba su nuna wani ya fi wani ba. Sandunan ana wanke su a sake amfani da su shekaru, likita kuma yana jin taurin wurin a hannunsa. Balan-balan sau ɗaya ake amfani da shi, don haka ya fi tsada. Ƙa'idar da ake bi da sandunan ita ce kada a wuce mataki uku a zama ɗaya daga inda aka fara jin turjiya. Gaggawa ita ke fasa bututu.

Tsukewar da ƙwannafi ya jawo takan buɗe da zama kaɗan. Ta soda doguwa ce mai taurin kai, ana iya shafe watanni ana kai da kawowa. In ta gagara, sai tiyata: a ɗauko wani yanki na babban hanji ko a jawo tumbi sama a maye gurbin bututun. Yaron kuma ko ya girma a riƙa sa masa ido, domin wurin da soda ta ƙona ya fi saurin kamuwa da ciwon daji bayan shekaru masu yawa.

Da gaske ana cire ciwon daji na tumbi ba tare da an yanke tumbin ba?

Da gaske ne, da sharaɗin bai wuce fatar ciki ba. Binciken Gotoda da abokansa a Japan, kan mutum 5,265 da aka yi wa tiyata, wanda ya fito a 2000, shi ya nuna irin ciwon da kusan ba ya tsallakawa zuwa kaluluwa. Irin wannan ne kaɗai ake cirewa ta tiyo.

Hanya ta farko, EMR, ita ce a ɗaga wurin da ruwa, a zarga masa waya, a yanke da lantarki. Tana da sauri da sauƙin koyo, amma abin da ya haura santimita biyu sai dai a cire shi gunduwa-gunduwa. In kuwa aka kai wa mai duba nama gutsattsari, ba zai iya cewa an cire duka ba, kuma ciwon ya fi saurin dawowa. Ta biyu, ESD, wadda aka ƙirƙiro a Japan a ƙarshen shekarun 1990, ita ce a zagaye wurin da 'yar wuƙa a ɗaye shi ɗungurungum komai faɗinsa. Tana cin lokaci, huda bango ya fi yawa a cikinta, kuma koyonta shekaru ne. Ga tumbi, ESD ce ke gaba. A bututun abinci kuwa, in an ɗaye fiye da kashi uku cikin huɗu na kewayensa, tsukewa na biyo baya. Bayan an cire, a kashe Helicobacter: wani gwaji a Koriya ta Kudu a 2018 ya nuna hakan ya rage ɓullar sabon ciwon da kusan rabi.

Dalilin da ya sa hanyoyin nan suka bunƙasa a can ba ɓoyayye ba ne. A Koriya ta Kudu, duk wanda ya kai shekara 40 gwamnati na kiransa gwajin tumbi bayan kowace shekara biyu, ko lafiyarsa ƙalau. A can da Japan, fiye da kashi 60 na masu wannan ciwon suna kai shekara biyar a raye. A wajenmu mutum yakan yi shekara biyu yana shan maganin olsa daga kemis, sai ya fara amai da ramewa sannan a leƙa. A lokacin maganar ESD ta wuce. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna yin gwajin leƙen. Duk wanda abinci ke maƙale masa, ko yake baƙin kashi, ko yake ramewa ba dalili, ko "olsarsa" ta fara bayan ya manyanta, leƙe ya kamace shi.

Na karanta game da Barrett. Ya shafe mu?

Ba sosai ba, ya fi yawa ga Turawa maza masu ƙiba da daɗaɗɗen ƙwannafi. Fatar ƙasan bututun ce ke sauya kama. In ba ta fara lalacewa ba, sa ido kawai ake yi. In ta fara, a yanke duk wani tudu da aka gani, a ƙone shimfiɗaɗɗen da zafin igiyar rediyo. A gwajin Amurka na 2009 hakan ya share lalacewar ga kashi 81 zuwa 90.

Ciwon ya yi nisa, Baba ba ya iya haɗiyar komai. Akwai abin da ya rage?

Akwai. Ana zura wani bututun saƙar waya a tsuke, a sake shi a tsakiyar ciwon, ya buɗe da kansa. Cikin kwana ɗaya ko biyu mutum ya koma shan kunu da farfesu. Ba ya warkarwa, kuma yana iya gocewa ko ciwon ya sake rufe bakinsa. A asibitin Tenwek na ƙasar Kenya, yankin da sankarar bututun abinci ta yi katutu, sun nuna ana iya sa shi ko babu na'urar hoto mai motsi. Wani gwaji a Holan a 2004 ya kwatanta shi da gashi, wato gasa ciwon daga ciki da hasken rediyeshan: bututun ya fi saurin kawo sauƙi, gashin ya fi daɗewa yana aiki. Don haka wanda jikinsa ya yi rauni ƙwarai bututun ya fi masa. In bututun ya ratsa bakin tumbi, a riƙa cin abinci mai laushi a zaune, a ɗaga kan gado, kada a kwanta da cikakken ciki.

Mai shanyewar ɓarin jiki da ba ya iya haɗiya, nasa daban ne. In abin zai wuce wata guda, tiyon ciyarwa da ake fitarwa ta fatar ciki, wanda Gauderer da Ponsky suka bayyana a 1980, ya fi na hanci sauƙin zama.

Ƙwannafi ya dame ni. Akwai aikin tiyo da zai raba ni da shan magani?

Akwai masu tallarsa. Wata na'urar tana ɗinke bakin tumbi daga ciki, wata tana gasa tsokar. Sukan rage shan magani ga wasu na 'yan shekaru, amma ba su kai tiyatar Nissen, wadda ake naɗe saman tumbi a kewayen ƙarshen bututun, daɗewa ba, kuma ba sa yi wa wanda saman tumbinsa ya zame cikin ƙirji fiye da santimita biyu. Wani sinadari mai suna Enteryx da aka taɓa ɗurawa a wurin, janye shi aka yi daga kasuwa a 2005 saboda illa. A nan ni ban ga abin gaggawa ba. Rage ƙiba, da barin cin tuwon dare dab da kwanciya, da omeprazole kafin karin kumallo sun ishi mafi yawan mutane.

Na rage ƙiba fa?

Balan-balan da ake cika wa ruwa a bar shi a tumbi wata shida ne ake cire shi, kuma ƙibar takan dawo. Kwanakin farko amai ne da murɗa. Ɗinke tumbi daga ciki ya fi shi: a gwajin 2022, nauyi ya ragu da kashi 13.6 a shekara, waɗanda suka tsaya ga gyaran abinci kawai kashi 0.8. Tiyatar yanke tumbi takan kai kashi 25 ko fiye, tare da haɗarin da ya fi girma.

Ɗana ya haɗiye kwabo. Ko batir ne ma, ban tabbata ba.

A ɗauka batir ne har sai hoto ya nuna ba shi ba ne. Kwabon da ya isa tumbi yawanci zai fita da kansa, wanda ya tsaya a bututu a ciro shi cikin kwana guda. Ɗan batirin agogo ko na rimot kuwa cikin awa biyu yake fara cin naman bututun. A tafi asibiti nan take. In yaron ya haura shekara ɗaya kuma yana iya haɗiya, a ba shi zuma cokalin shayi biyu duk bayan minti goma a kan hanya, kada a wuce sau shida, kada kuma neman zumar ya jawo jinkiri. Maganaɗisu biyu ko fiye, da allurar hijabi da 'yan mata ke riƙewa a baki, da haƙoran roba masu ƙugiya, su ma ba a jira da su.

Bayan an sallame mu, me za mu lura da shi a gida?

Kaikayin maƙogwaro da kumburin iska na kwana ɗaya ba komai ba ne. Bayan ɗauri ko buɗawa, a yi kwana ɗaya ko biyu kan ruwa-ruwa da abu mai laushi. Wanda aka yi wa allurar barci kada ya tuƙa mota ko babur a ranar. Abin da ke mayar da mutum asibiti ko tsakar dare ne: ciwon ƙirji ko na ciki mai tsanani da ke ƙaruwa, zazzaɓi, sarƙewar numfashi, wuya ya kumbura yana ƙaras-ƙaras in an taɓa, aman jini, baƙin kashi, ko jiri. Bayan ɗauri, a fi sa ido daga kwana na biyar zuwa sati biyu, lokacin da zobban ke faɗuwa su bar gyambo. Mai shan maganin tsinka jini kuma kada ya fita sai ya tambayi likita ranar da zai koma shansa.